Wa Ya Kafa, Wa Ke Biya, Gaban Wa Ake Kai Ƙara? Ire-iren Ƙungiyoyin Ƙasa da Ƙasa Kamar Yadda Ake Ganin Su Daga Dumega

Tsakure

Wannan takarda ta dubi ire-iren ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa daga Dumega, a gundumar Tibiri ta jihar Dosso, inda ake kiran kusan dukkansu da suna guda, wato furoje. Ta rarrabe su bisa tambayoyi uku: wa ya kafa ƙungiyar, wa ke biyan kuɗin aikinta, kuma gaban wa talaka zai kai ƙara idan ta saɓa. Ma'auninta shi ne abin da ya faru tsakanin Yulin 2023 da farkon 2025, domin a wannan tsakanin ne kowace irin ƙungiya ta nuna halinta a fili.

Gabatarwa



Duk wanda ya zauna a ƙauyukan Arewa ya san abin da ke faruwa idan farar mota mai doguwar eriya ta tsaya a ƙofar maigari. Yara su ruga, mata su leƙo ta kan danga, kafin baƙi su gama shan ruwa labari ya kai ƙarshen gari cewa 'yan furoje sun zo. Ba a cika tambayar ko motar ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, ko ta wata gwamnatin Turai, ko ta wata ƙungiya da likitoci suka kafa da kuɗin sadaka ba. Tambarin da ke jikin ƙofa ya bambanta, amma a idon mai kallo duk kanwar ja ce.

Ban ga laifin mutanenmu a kan haka ba, tun da ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani da harshensu. Sai dai rashin bambancewar yana da tsada. Na taɓa tsayawa bakin wani famfon burtsatse da ya shekara biyu ba ya ba da ruwa. Allon da aka kafa a gefensa ya yi tsatsa, rubutun ya goge, tambari uku ne kawai ake iya hange. Na tambayi dattawan wurin wa ya kamata ya gyara, kowa ya kawo suna daban, kuma ba ɗayansu da ya san ofishin da zai je. Daga wannan tsayuwar tambayoyin takardar nan suka fito.

Dumega wuri ne da ya dace da irin wannan nazari. Tana cikin ƙananan hukumomi huɗu na gundumar Tibiri, tare da Tibiri da Koren Mairuwa da Gesheme, gundumar da aka cire daga Dogon Dutsi a 2011. Tana yankin Dallol Mauri, kuma iyakar Najeriya ba ta da nisa da ita. Iyakar nan kuwa ita kanta yarjejeniyar ƙasashen waje ce ta haife ta: Ingila da Faransa suka shata ta a takarda a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, sannan aka bi ta da duwatsun alama tsakanin 1906 da 1908. Da haka aka raba Arawa gida biyu, wasu a Dogon Dutsi da Matankari, wasu a Kangiwa ta jihar Kebbi ta yau. Mutumin da ƙanwarsa ke aure a ƙetaren iyaka, duk shawarar da aka yanke a Abuja ko Dakar ko Addis Ababa tana iya iske shi har cikin gida.

Ƙungiyoyin da gwamnatoci suka kafa

Kashi na farko, kuma mafi nauyi a doka, su ne waɗanda ƙasashe suka kafa ta hanyar yarjejeniya. Mambobinsu gwamnatoci ne, ba mutane ba. Tsofaffin cikinsu sun fara ne da al'amuran yau da kullum, kamar ƙungiyar wayar tangaraho ta 1865 da ta gidan waya ta 1874. Babbarsu ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka kafa a 1945, Nijar kuma ta shige ta ranar 20 ga Satumban 1960. A babban zaurenta kowace ƙasa daga cikin 193 ƙuri'a ɗaya take da ita, amma a Kwamitin Sulhu ƙasashe biyar ke da ikon hawa kujerar na-ƙi. Nijar ta zauna a kwamitin sau biyu, a 1980 zuwa 1981 da kuma 2020 zuwa 2021, ba tare da wannan iko ba.

Abin da Ba'are ke gani da idonsa dai rassan Majalisar ne: OMS mai kula da lafiya, UNICEF mai kula da yara, FAO mai kula da noma, da PAM mai raba abinci. A nan tambaya ta biyu take da amfani. Rassan nan duka na gwamnatoci ne, amma ba duka ke rayuwa da kuɗin karo-karo na dole ba. PAM, alal misali, da gudummawar ganin dama kaɗai take aiki. Shi ya sa da Amurka ta dakatar da yawancin taimakonta na waje a farkon 2025, girgizar ta kai har ga masu jiran buhun abinci a Sahel, ko da yake ba wanda ya fitar da ƙasarsu daga ko'ina. Ƙungiya tana iya zama tamu a takarda, alhali makullin rumbunta yana hannun wani.

A bankunan duniya abin ya fi fitowa fili. Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, waɗanda aka tsara a 1944, ba sa bin tsarin ƙasa ɗaya ƙuri'a ɗaya. Nauyin ƙuri'a yana bin nauyin jari, har Amurka ita kaɗai tana riƙe da kusan kashi 16 cikin ɗari na ƙuri'un Asusun. Kuma mafi yawan abin da suke bayarwa rance ne ko tallafi mai sharaɗi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi ga gwamnati, sai a 2024 aka koma. Wanda ya ga an tsayar da aikin hanya ko na makaranta a lokacin, sau da yawa a nan dalilin yake.

Ƙungiyoyin yanki, inda gwajin ya fi zafi

A nan zan daɗe, domin a nan ne bambancin ya taɓa aljihun mutane da tukunyarsu.

An kafa CEDEAO, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Yammacin Afirka, a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, kuma a 1979 ta amince da ƙa'idar zirga-zirgar mutane ba tare da biza ba. Ga mutumin Dallol Mauri wannan ƙa'ida ta tabbatar da abin da kakanninsa suke yi ne tun kafin a kafa duwatsun iyaka: a kai wake da dabbobi kasuwannin Kebbi da Sakkwato, a dawo da taki da man fetur da kayan masarufi, samari kuma su tafi cin rani bayan girbi. Duk da haka ƙa'idar ba ta hana Najeriya rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba, wanda ke nuna cewa babbar ƙasa tana iya taka dokar ƙungiya ta kwana lafiya. Ranar 30 ga Yulin 2023 kuwa ƙungiyar ce da kanta ta ba da umarnin rufe iyaka da Nijar. Aka katse wutar lantarkin da ke zuwa daga Birnin Kebbi ta bi ta Dosso zuwa Yamai, manyan motoci suka yi layi, magani ya yi wuya, farashin abinci ya haura. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma kafin nan, ranar 28 ga Janairu, Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun ba da sanarwar ficewa, ficewar da ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025.

Ra'ayina a kan takunkumin ba ɓoyayye ba ne. An ce gwamnati ake nufi, amma mai sayar da ƙosai da mai jiran allurar ciwon sukari su suka fara ɗanɗanawa, a ɓangarorin iyaka biyu kuwa, domin 'yan kasuwar Kamba da Illela su ma sun yi kuka. Ƙungiyar da aka kafa don buɗe hanya, ranar da ta rufe hanya ta zubar da mutuncinta a idon talaka, kuma irin wannan mutunci yana da wuyar kwasowa.

To amma adalci ya sa in faɗi abin da ficewar ta tafi da shi. CEDEAO tana da kotu a Abuja wadda tun 2005 mutum ɗaya yake iya kai gwamnatinsa gabanta kan tauye haƙƙi, ba sai ya ƙare da kotunan gida ba. Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 aka riƙe ta a matsayin wahaya a yankin Birnin Ƙonni, ta wannan ƙofa ta bi. Ƙungiyar Timidria ta gida da wata ƙungiyar yaƙi da bauta ta Ingila suka tsaya mata. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta yanke cewa Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Ƙonni ba ta da nisa da Dogon Dutsi, kan hanya ɗaya suke. Cikin dukkan ƙungiyoyin da nake magana a kansu, kaɗan ne suka amsa tambaya ta uku da cewa ga inda talaka zai kai ƙara, kuma wannan tana cikinsu. Ƙawancen Ƙasashen Sahel, AES, wanda aka aza harsashinsa ranar 16 ga Satumban 2023, aka mai da shi haɗaɗɗiyar ƙungiya a Yamai ranar 6 ga Yulin 2024, yana da nauyin buɗe wa talaka ƙofa irin wannan, kuma da ita ya kamata a auna shi.

Ga wani abin lura. Nijar ta bar CEDEAO, amma ba ta bar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, ba. Ku dubi mai canji a kowace kasuwar bakin iyaka: damin naira ɗaure da roba a hannu ɗaya, 'yan jikkunan sefa a aljihun gaba, waya a kunne yana tambayar yadda farashi ya kwana. Takardar sefar nan ta babban bankin BCEAO ce mai hedikwata a Dakar, ƙasashe takwas ke amfani da ita, kuma a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957. Dattawa ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajarta da rabi a dare ɗaya, a birnin da aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa UEMOA a makon. UEMOA ma ta shiga takunkumin 2023, aka toshe asusun gwamnati. Duk da haka fita daga cikinta ya fi wuya nesa ba kusa ba, domin ƙasa ta riga ta miƙa mata wani yanki na ikonta, wato buga kuɗi. Wannan shi ne bambancin ƙungiyar da ake haɗuwa a yi shawara da wadda aka damƙa wa iko.

Tarayyar Afirka, magajiyar ƙungiyar haɗin kan Afirka ta 1963 wadda ɗan Nijar Ide Umaru ya yi wa babban sakatare daga 1985 zuwa 1989, ta dakatar da Nijar a Agustan 2023. A ƙauye ba wanda ya ji a jikinsa.

Akwai kuma waɗanda hayaniyar siyasa ba ta cika kaiwa gare su ba, domin aiki guda aka kafa su su yi. Hukumar Kogin Kwara, mai ƙasashe tara da hedikwata a Yamai, ta samo asali a 1964. CILSS, hukumar yaƙi da fari a Sahel, an kafa ta a 1973 a tsakiyar babban fari, kuma cibiyarta ta AGRHYMET da ke Yamai tana cikin masu fitar da hasashen damina da sa ido kan fara. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tana nan tun 1971. Ba su da farin jini a rediyo, amma ruwa da fara da annoba ba sa tsayawa a shingen kwastan, don haka ko gwamnatoci sun yi fushi da juna dole wani ya ci gaba da ɗaga waya. A ganina su ne suka fi cancantar a ƙarfafa su.

Na addini da harshe zan taƙaita. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, wadda aka kafa a 1969, Hamid Algabid ya yi mata babban sakatare daga 1989 zuwa 1996, kuma ita ta kafa Jami'ar Musulunci ta Say. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai aka haife ta ranar 20 ga Maris 1970, da hannun Diori Hamani, kuma a Maris na 2025 Nijar ta fice daga cikinta. Mu masu rubutu da Hausa muna da namu rabon: taron UNESCO na Bamako a 1966 da taron Yamai na 1980 suna cikin dalilan da suka sa ƙa'idar rubutun Kano da ta Maradi suka kusanci juna.

Masu zaman kansu, da waɗanda suka faɗa tsakani

Kashi na biyu su ne ƙungiyoyin da mutane suka kafa, ba gwamnatoci ba, waɗanda muke kira ONG. Ƙasa ba ta zama mambarsu, izinin aiki kawai take ba su, kuma tana iya karɓe shi da takarda ɗaya. An gani a 2008 lokacin da aka dakatar da reshen Faransa na Likitocin Da Ba Ruwansu da Iyaka a Maradi, bayan dubban yaran da suka yi wa jinyar tamowa a yunwar 2005. An sake gani a Nuwamban 2024 da aka janye izinin ƙungiyar agaji ta ACTED. Ƙarfinsu shi ne saurin isa wurin da gwamnati ba ta kai ba. Rauninsu shi ne rahotonsu yana tafiya sama ne, zuwa ga mai ba da kuɗi, kuma aikinsu yana da wa'adi, shekara uku ko biyar, a naɗe tabarma.

Amma akwai wanda ya tsira daga wannan rauni, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi. Mata ashirin ko talatin su zauna a inuwa sau ɗaya a mako, akwatin ƙarfe a tsakiya da kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu. Kowa ta zuba abin da aka yi alkawari, a ƙirga da babbar murya kowa na ji, mai bukata ta ɗauki rance ta sayi gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli, ta mayar da ɗan ƙari. Ƙarshen zagaye a fasa akwati a raba. Ba a kawo ko dala daga waje ba, adashin da mata suka sani ne aka gyara masa zama. Tsarin ya bazu cikin Nijar, ya ƙetara zuwa ƙasashen Afirka da dama da Asiya. Amsar tambayoyina uku a nan ɗaya ce: matan ne suka kafa, su ke biya, kuma ƙara a gabansu ake kai ta. Shi ya sa motar ta tafi akwatin bai tafi ba.

Sai waɗanda ba su shiga kowane kashi sosai ba. Kwamitin Red Cross na duniya, wanda aka kafa a Janeba a 1863, asalinsa ƙungiyar 'yan Suwizalan ce, amma yarjejeniyoyin Janeba sun ba shi aiki na musamman a fagen yaƙi. Duk da haka a Fabrairun 2025 gwamnatin Nijar ta umarce shi ya rufe ofisoshinsa. Gavi, ta shekarar 2000, da Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, na 2002, gwamnatoci da gidauniyoyi da kamfanoni ne suka haɗu a cikinsu. Amfanin irin wannan haɗaka mun gan shi a kan sanƙarau. Annobar 1996 ta kashe mutane kusan 25,000 a faɗin Sahel. OMS da ƙungiyar PATH suka haɗu, da kuɗin gidauniyar Gates, wani kamfanin Indiya ya sarrafa allurar MenAfriVac a kan ƙasa da rabin dalar Amurka, aka fara babban gangamin yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disamban 2010. Nau'in A ya kusan ɓacewa. A 2015 kuma nau'in C ya ɓarke a Yamai da jihar Dosso bayan ya bayyana a Sakkwato da Kebbi. Ma'aikacin lafiyar da ke ɗaure akwatin sanyi a bayan babur yana ratsa yashi, hannu biyar ko shida ne suka haɗu kafin allurar ta iso gare shi, kuma in ta yanke, da wuya uwa ta san hannun da ya saki.

Dole kuma a ware wasu da ake cuɗawa da waɗannan alhali ba su ba ne. Hukumomin taimako na Lukzambur da Beljiyam da Suwizalan, waɗanda suka daɗe suna aiki a jihar Dosso, kowacce hannun gwamnati ɗaya ce, tana tafiya da siyasar ƙasarta. Abotar da ke tsakanin Dogon Dutsi da garin Orsay na Faransa ta gari da gari ce. Kamfanin CNPC na Sin, mai bututun man da ya ratsa jihar Dosso zuwa gaɓar tekun Benin, riba ta kawo shi.

Ba zan rufe wannan kashi ba sai na ambaci waɗanda littattafan ilimin siyasa suka cika mantawa. Ɗariƙar Tijjaniyya tana haɗa Kaulaha ta Senegal da Kiyota ta jihar Dosso da Kano, Izala kuma da aka kafa a Jos a 1978 ta ƙetaro iyaka tun da daɗewa. Suna da shugabanci, da makarantu, da hanyar tara kuɗi, da mabiya a ƙasashe da yawa. A Agustan 2023, lokacin da ake maganar yaƙi tsakanin CEDEAO da Nijar kuma manyan jakadu suka kasa samun shiga, tawagar malaman Najeriya ta isa Yamai ta gana da jagoran juyin mulkin, Janar Abdurahman Tiani, haka ma Muhammadu Sanusi na biyu, wanda a lokacin tsohon Sarkin Kano ne. Duk rabe-raben da ya bar irin waɗannan a waje bai bayyana duniyar da mutumin Dumega yake ciki ba.

Kira

Ina da roƙo biyu. Na farko ga hukumomin Dumega da Tibiri da Dogon Dutsi: duk ƙungiyar da za ta kafa allo a gari, a sa ta rubuta da Hausa, da boko da ajami, ko ita wace iri ce, wa ya ba da kuɗin, yaushe aikin zai ƙare, wa zai riƙe shi bayan nan, da ofishin da za a kai kuka. A ajiye kwafin a ofishin magajin gari da wurin maigari, a kuma karanta shi a gidajen rediyon karkara. Na biyu gare mu, malaman jami'a da ɗalibanmu: mu shiga ƙananan hukumomin nan huɗu na Tibiri, rijiya bayan rijiya, aji bayan aji, mu rubuta wace irin ƙungiya ta yi kowane aiki, da wanda ke aiki har yau, da wanda ya mutu. Aikin bai fi ƙarfin ɗalibai kaɗan da babur biyu a rani ɗaya ba, kuma ina roƙon wannan taro ya ɗauki nauyinsa.